Daga Famfo Zuwa Baki: Ina Ruwa Yake Ɓaci?

Yau zancenmu a kan ruwan sha ne, da mazubin da muke ajiye shi, tun daga randa har zuwa gorar robar da yaro yake ratayawa ya tafi makaranta.

Da yawa daga cikinmu ba ma fita ɗibar ruwa. Ko dai famfo ya kawo mana har tsakar gida, ko ɗan garuwa ya turo kurarsa ya juye mana, ko a aiki yara rijiya ko burtsatse. Ke nan ba mu ga inda ruwan ya fito ba, ba mu ga jarkar da aka zubo shi ba. Amma daga ƙofar gida zuwa bakin mai sha, ikon a hannunki yake, kuma sau da yawa a wannan ɗan tsakanin ne ruwa mai kyau yake lalacewa.

Mu fara da famfo. Ruwan da hukuma take turowa, misali daga matatun Tamburawa da Challawa a Kano, ana kwantar da lakarsa, a tace shi, a zuba masa sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ɗan warin magani da kike ji a ruwan famfo alama ce mai kyau, kada ya dame ki. Matsalar a hanya take. Bututu ya tsufa, wani ya tsage, wani ma ta cikin kwata ya ratsa. Muddin ruwa yana gudu da ƙarfi, waje yake tsartuwa ta wurin tsagar. To amma da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya zama wayam, sai ya riƙa zuƙo ruwan kwata zuwa ciki. Shi ya sa idan famfo ya dawo bayan kwanaki, kada ki tari na farkon don sha. Ki bar shi ya zuba a bokiti don wanki da shara, sai ya washe tukuna.

Wata za ta ce, ai ni ruwana garau yake, ba launi, ba wari. Haka ne, malamai sun karantar da mu cewa ruwan da launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su jirkita ba ya isa alwala da wanka. To amma hukuncin tsarki daban, lafiyar ciki daban. Ƙwayar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu. A shekarar 2021 kaɗai, mutanen da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya sun haura 100,000, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su ne kan gaba. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye na gaba.

To yaya za a gyara ruwa a gida? Idan yana da laka, ki sa alif ya kwanta, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta. Kada ki raina tacewa: tana cikin abubuwan da suka kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da shi. Sai dai alif da ƙyalle datti suke cirewa, ba sa kashe ƙwayar cuta. Bayan tacewa sai ki zaɓi ɗaya cikin uku. Ko ki tafasa shi, ya yi ta ɓararraka na minti 1 cur. Ko ki sa maganin kulorin na ruwan sha da ake sayarwa a kemis, daidai awon da aka rubuta a jiki, ki jira minti 30. Ko kuwa, idan itace da gawayi sun yi tsada, ki cika fararen gorunan roba masu haske da tataccen ruwa, ki rufe, ki kwantar da su a kan kwanon rufi rana ta dake su awa 6. Idan akwai hadari ko hazo mai kauri, su yi kwana 2. Firji kuwa sanyaya ruwa kawai yake yi, ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa ita ma gurɓatacciya ce.

Yanzu ga randa. Kin tafasa ruwa, kin juye, sai yaro ya taso daga wasan ƙasa ya ɗauki moda daga ƙasa ya tsoma har da hannunsa, ya sha, ya mayar da ragowar. Wahalarki ta tashi a banza. Ki ware moda guda mai dogon hannu don ɗiba kawai, a rataye ta a sama, kofin sha kuma daban. Randa ta kasance a rufe dare da rana. Kada a riƙa ƙara sabon ruwa a kan tsoho, a juye ragowar, a goge santsin nan na cikinta, sannan a zuba. Jarkar ɗan garuwa ma ki sa yaro ya leƙa, idan cikinta ya yi kore, maigida ya yi masa magana ko a sauya wani.

Sai gora. Gorar da ake sake amfani da ita tana rage kashe kuɗi, tana kuma rage ledojin da suke toshe mana kwatoci da damina. Amma bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, kuma duk kurɓa ɗaya yawu yana komawa ciki. Ɗauraya kawai ba ta isa ba. Kullum da yamma ki zuba ruwan ɗumi da sabulu, ki jefa 'yar ɗanyar shinkafa ki jijjiga sosai ta kankare cikin, ki bi zaren murfin da tsohon burushi mai tsabta, ki ɗauraye, ki kife ta bushe. Kada ki zuba tafasasshen ruwa a sirirriyar gorar lemo ko ta ruwan kanti, ƙanƙancewa take yi. Wadda ta tsage, ko ta yi kaushi ko dishi-dishi, ta gama aiki. Ga ɗan makaranta, in da hali, ta ƙarfe ko ta roba mai kauri mai faɗin baki ta fi, kuma kowane yaro da tasa.

Masu sana'ar zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi, wannan taku ce. Gorunan da ake tsintowa ana sayar muku, ba ku san inda suka kwana ba, ba ku san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba. Duk wadda take warin fetur ko kananzir ko maganin ƙwari, a jefar, sabulu ba ya fitar da shi. Sauran a wanke kamar yadda na faɗa, a jiƙa a ruwan kulorin. Ruwan haɗin ma ya zama gyararre. Mai sayen nan ɗan wata ne, amana ce. Haka nan kada a ajiye kananzir ko fiya-fiya a gorar lemo, yaro ba ya tambaya, kafa kai yake yi.

In kuwa gudawa ta kama wani, kada a jira. A kaɗa gishirin ORS na kemis a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato kimanin ledar fiya wata 2. In babu, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Idan bayan gida ya koma kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, a sanar da maigida nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Iyayengiji maza da ke saurare, ku taimaka da gawayi da sabulu da murfin randa, kuɗinsu bai kai na gadon asibiti ba. Ke kuma 'yar uwa, yau kafin magariba ki leƙa randarki, ki duba gorar yaranki. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.