Hanyar Zama Malamin Dabbobi

Sanin kowa ne cewa arzikin mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ya rataya ne a kan noma da kiwo. A fadamun Gulbin Rima, inda shanu da tumaki ke kiwo da rani, ciwon hanta kan kama su, ban da ciwon huhu da boru. Idan dabba ta kwanta a ƙauye, da wuya makiyayi ya sami likita kusa. Wanda yakan fara zuwa shi ne malamin dabbobi.

Malamin dabbobi dai ba likita ba ne. Likita kan yi shekara 6 a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Shi kuwa malamin dabbobi kwaleji yake shiga. Ana bukatar ɗalibi ya ci darussa 5 da kyau a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Ingilishi da lissafi da kimiyyar sinadarai da kimiyyar halittu ko ta aikin gona, sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB.

Karatun ƙaramar difloma shekara 2 ne. Daga nan sai aikin koyo na shekara 1, kafin babbar difloma ta wasu shekara 2. A cikinsu ake koyon surar jikin dabba da alamomin cututtuka da allurar rigakafi da ɗibar jini don gwaji da duba nama a mahauta. Fitattun makarantun sun haɗa da kwalejin tarayya ta Vom a Jihar Filato da ta Mando a Kaduna. A Wurno ma akwai kwalejin aikin gona da kimiyyar dabbobi. Wajibi ne ɗalibi ya tabbatar hukumar NBTE ta amince da kwas kafin ya shiga.

Takardar shaida kaɗai ba ta isa ba. Sai an yi rajista a wurin hukumar da ke kula da wannan sana'a. Aikin malamin dabbobi yana ƙarƙashin kulawar likita ne, domin kuskurensa ba a kan dabba kaɗai yake tsayawa ba. Idan aka yi wa saniya allura aka tatse ta kafin maganin ya bar jikinta, ragowarsa na cikin nonon da za a kai kasuwa, yara su sha da fura.