3.4 Zafin Kwamfutar Wasa da Hanyoyin Sanyaya Ta

A wannan sashe za a dubi matsalar zafi ga sabuwar kwamfutar da aka haɗa domin wasan gem a garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum. Sassa biyu ne suka fi ɗaukar zafi, wato ƙwaƙwalwar na'ura da katin hoto. Kamfanin Intel ya ƙayyade digiri 100 a ma'aunin Salshiyas a matsayin iyakar zafin yawancin ƙwaƙwalensa, shi kuwa AMD digiri 95 ga da yawa daga cikin jerin Ryzen. Da zarar an kai wannan iyaka sai na'urar ta rage gudu, idan abin ya ci tura ta kashe kanta. Don haka aka fi son zafin ya tsaya tsakanin 60 da 80 lokacin wasa.

Sai dai abin lura shi ne, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa. Kwamfutar da ta nuna 75 a ɗaki mai digiri 25, tana iya haura 90 a shagon kwano cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara kan wuce 40 a yammacin Zamfara. Ko na'urar sanyayawa mai ruwa, duk tsadarta, da iskar ɗakin ta dogara. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu kan toshe kafofin iska tun kafin bazarar ta shigo. Saboda haka wajibi ne a ɗaga akwatin daga ƙasa, a busa ƙurar da ke ciki a watan Fabrairu, sannan a duba man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyayawa ko ya bushe.