Harajin VAT: Kuskuren Lissafin Da Ke Zaizaye Ribar 'Yan Kasuwa

JALINGO — Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan gini a unguwar Barade, cikin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, yana iya biyan gwamnati fiye da abin da take bin sa, matuƙar bai iya ware harajin VAT daga jimillar cinikinsa ba.

An kafa wannan haraji ne da dokar soja mai lamba 102 ta 1993, ya fara aiki a watan Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100, kana aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020.

Alal misali, a ce cinikin wata guda ya kama Naira 1,075,000, har da haraji a ciki. Wanda ya cire kashi 7.5 daga wannan jimilla zai biya Naira 80,625, kuma ya yi kuskure, domin a kan ainihin farashi ake ɗora harajin, ba a kan jimillar ba.

Tunda jimilla ita ce farashi sau 1.075, sai a juya lissafin: a raba jimilla da 1.075 don gano farashi. Nan za a sami Naira 1,000,000, wato harajin Naira 75,000 ne kacal. Bambancin Naira 5,625 ne, wanda a shekara zai kai Naira 67,500 daga ribar mai kanti.

Hanya mafi sauƙi ga mai riƙe da littafin ciniki ita ce ya ninka jimilla sau 3, ya raba da 43. Abin da ya fito shi ne haƙƙin gwamnati.