Haƙoran Hamadar Djurab Da Neman Asalin Ɗan Adam

A watan Janairun 1995, wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Bafaranshe Michel Brunet ta tsinci guntun muƙamuƙi a Koro Toro, cikin hamadar Djurab a arewacin Chadi. Haƙora 7 ne a jikinsa, shekarunsa kuma sun kai miliyan 3.5. Ɗan guntun nan da suka laƙaba wa suna Abel ya rikita lissafin masana, domin a lokacin akasarinsu sun ɗauka cewa halittun da ake dangantawa da asalin mutum sun taso ne a gabashi da kudancin Afirka kawai. Sai ga shaida ta ɓullo kimanin kilomita 2,500 yamma da babban kwarin gabashin nahiyar.

Ba mamaki da haƙori ne ya kawo labarin. Farin ɓawon da ya lulluɓe shi ya fi komai tauri a jiki, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Nama kan ruɓe, kura ta tauna ƙashi, ruwa ya farfasa abin da ya rage, haƙori kuwa yana nan daram. Shi ya sa yawancin abin da ake tonowa haƙora ne da muƙamuƙai.

Kamar yadda mai sayen rago ke buɗe masa baki a kara don ya san shekarunsa, haka masanan suke yi, sai dai nasu da madubin ƙara girma ne. Ɓawon haƙori yana ginuwa kullum, kowace rana na barin ɗan siririn layi da za a iya ƙirgawa. Yaron Taung, wanda aka tono ƙoƙon kansa a Afirka ta Kudu a 1924, an daɗe ana ba shi shekara 6, saboda turminsa na farko ya fara fitowa, kamar yadda yake yi wa yaranmu a wannan shekara. Da aka nazarci saurin ginuwar haƙoran danginsa, sai aka gane bai wuce 3 zuwa 4 ba. Ashe su da wuri suke girma, doguwar ƙuruciya irin tamu daga baya ta zo.

Haƙori yana tona asirin cimar mai shi ma. Ciyayin fili da itatuwan kurmi ba iri ɗaya suke ajiye sinadarin kabon ba, bambancin kuma yana maƙalewa a ɓawon haƙorin wanda ya ci su. A 2012 aka yi wa haƙoran Koro Toro wannan gwaji, aka ga masu su sun dogara sosai ga ciyawa da tsirran bakin ruwa dangin aya. Inda yau babu komai sai rairayi da iska, a da tafki ne da fadama.

Babban abin ya zo ranar 19 ga Yulin 2001 a Toros-Menalla, ita ma cikin hamadar Djurab, inda wani matashi ɗan Chadi a tawagar Brunet, Ahounta Djimdoumalbaye, ya hango ƙoƙon kan da aka sa wa suna Toumaï. Shekarunsa kusan miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta biri ba, to me ya sa ake jingina shi da mutum? Fiƙarsa na cikin manyan dalilai. Namijin goggon biri yana da doguwar fiƙa mai kaifi, wadda ke wasa kanta a jikin haƙorin ƙasa duk sanda ya rufe baki. Ta Toumaï gajera ce, kuma daga tsini ta side, irin yadda tamu ke sidewa.

A nan dai dole a yi taka-tsantsan. Wasu masana, irin su Milford Wolpoff da Brigitte Senut, sun ce Toumaï biri ne kawai, ƙila ma mace ce, mata kuwa dama fiƙarsu ƙarama ce. Har yau ana jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. Ban ga laifin masu ja ba. A 1922 an taɓa shelanta gano wani tsohon biri mai kama da mutum a jihar Nebraska ta Amurka bisa haƙori ɗaya tal, zuwa 1927 aka janye maganar, domin na wani dangin aladen daji ne. A ganina haƙori shaida ne mai ƙarfi, amma sai an haɗa shi da ƙashin cinya da ƙoƙon kai da ƙasar da aka same shi a ciki kafin a yanke hukunci.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin masu wannan aiki a yankinmu. Habasha da Kenya sun yi shekaru suna horar da 'ya'yansu, har ɗalibi ɗan Habasha, Chalachew Seyoum, ya tsinci muƙamuƙi mai shekara miliyan 2.8 a Ledi-Geraru a 2013. Kwarin Tafkin Chadi kuwa ya ratso har Nijar da Najeriya da Kamaru. Ya kamata jami'o'in ƙasashen nan su haɗa kai da na Chadi, su tura ɗalibai su koyi tono da karanta haƙori tun malaman da suka yi aikin Djurab suna raye.