Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Harajin Kuɗin Shiga: Abin da Ɗalibi Yake Tararwa a Darasin Haraji

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano, tun daga Ungoggo da Minjibir har zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, ya san cewa kalmar haraji ba ta da farin jini a wurin dattawa. Suna tuna lokacin da mai unguwa yake bin gida-gida bayan an kau da amfanin gona, magidanci ya sayar da akuya ko ya tafi cin rani domin ya nemo abin da zai biya. Saboda haka idan yaro daga waɗannan garuruwa ya shiga jami'a, ya ɗauki fannin akanta ko tattalin arziki ko shari'a, aka ce masa akwai darasin haraji a gabansa, yakan shiga ajin da abu biyu a ransa: tsoron lissafi, da ƙyamar da ya gada daga gida.

Ni fannina ilimin halittu ne. Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne hirar da nakan yi da irin waɗannan ɗalibai, musamman tun da aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Haraji ta Nijeriya a ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Idan sun je gida hutu, su ake tara wa tambayoyi a kanta. Na kuwa lura cewa wuraren da ɗalibi yake tuntuɓe a aji su ne wuraren da mutanen gida suke ruɗewa. Wannan maƙala za ta yi bayanin uku daga cikinsu.

Waiwaye

Haraji ya daɗe a ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne ya fara karɓar jangali daga Fulani. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, marina kuma suna biyan kuɗin karofi wuri 700 a kan kowane ramin rini. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Lugga ya yi dokoki a 1904 da 1906 waɗanda suka tattara waɗannan kuɗaɗe wuri guda. A gundumomin da ke kewaye da birni har an yi zamanin da ake auna gona da takun ƙafa, a yanka wa mutum haraji gwargwadon faɗinta.

Aibin wancan tsari shi ne bai cika duba abin da mutum ya samu ba. Ko damina ta yi kyau ko an yi fari, gona tana nan da faɗinta, sunan mutum kuma yana nan a takarda. Wannan na cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ta yi ta kuka da su tun kafuwarta a 1950. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Harajin da ake koyarwa a jami'a wani iri ne dabam. Sunansa harajin kuɗin shiga, kuma a kan abin da mutum ya samu a shekara ake ɗora shi. Ingila ta fara karɓar irinsa a 1799 domin ɗaukar nauyin yaƙinta da Faransa. A Nijeriya an yi masa doka a 1961, aka sake ta a 1993, aka yi mata gyara a 2011, kafin dokar 2025 ta maye gurbinta. Na ma'aikata da masu sana'a yana shiga asusun jihar da mutum yake zaune, wato a nan Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano ce ke karɓa. Na kamfanoni kuwa gwamnatin tarayya ce ke karɓar sa.

Tuntuɓe na Farko: Ciniki da Riba

Ɗalibai da dama sun shaida mini cewa tambayar da ta fara kayar da su a gwaji ita ce wadda aka ba su jimillar cinikin ɗan kasuwa, suka ɗora haraji a kanta kai tsaye. Sun manta cewa ciniki dabam, riba dabam.

Wannan al'amari sananne ne a ilimin tsirrai. Ganyen gero yana haɗa abinci daga hasken rana da ruwa da iska. Amma ba dukan abincin ne yake zama kara da zangarniya ba, domin tsiron yana ƙona wani kaso mai yawa ta hanyar numfashi, dare da rana, don ya rayu. Abin da ya saura bayan wannan shi ne girman da ido ke gani. To, haka dokar haraji take duban sana'a: sai an cire abin da aka kashe wajen neman kuɗin, sa'an nan a auna saura.

Alal misali, a ɗauka wani manomi a ƙasar Ɗambatta ya kai gyaɗa da wake da riɗi kasuwar Dawanau, ya yi cinikin Naira 1,500,000 a shekara. A ɗauka ya kashe 350,000 a taki, 250,000 a ƙwadago, 100,000 a iri da maganin feshi, 50,000 kuma a dako da mota. Jimillar abin da ya kashe 750,000 ke nan, ribarsa kuma 750,000. A sabuwar doka Naira 800,000 ta farko ba a karɓar komai a kanta. Ashe ke nan, idan ba shi da wata hanyar samu, wannan manomi ba a bin sa ko kwabo na harajin kuɗin shiga.

Sai dai akwai sharaɗi. Wa zai tabbatar da cewa ya kashe 750,000? Doka ta ba hukuma damar yi wa mutum ƙiyasi idan ba a iya gano ainihin samunsa ba. Wanda bai rubuta ba, ba shi da hujjar da zai yi jayayya da ita. Littafin rubutu na 'yan makaranta, a raba shafi biyu, shiga da fita, da boko ko da ajami, ya isa ya zama mafari.

Tuntuɓe na Biyu: Matakan Haraji

Abu na biyu shi ne yadda ake hawa matakai. Daga Janairun 2026 matakan su ne kamar haka, a shekara:

Naira 800,000 ta farko: babu haraji.
Naira 2,200,000 da ke biye: kashi 15 cikin 100.
Naira 9,000,000 da ke biye: kashi 18 cikin 100.
Naira 13,000,000 da ke biye: kashi 21 cikin 100.
Naira 25,000,000 da ke biye: kashi 23 cikin 100.
Abin da ya haura Naira 50,000,000: kashi 25 cikin 100.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaci idan mutum ya shiga mataki na gaba, dukan kuɗinsa za a yanka da sabon kason. Har akan ji ma'aikaci yana fargabar ƙarin girma saboda wannan zato. Hanya mafi sauƙi ta fahimta ita ce a ƙaddara ana zuba hatsi a tukwane da aka jera. Sai ta farko ta cika ake zubawa a ta biyu, kuma kowace tukunya da nata kason da ake ɗiba.

Bari mu ɗauki malamin sakandare a Bichi mai albashin Naira 150,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara. A ɗauka ana cire masa 144,000 na fansho, yana kuma biyan hayar gida 200,000. Doka ta yarda a cire kuɗin fansho kafin a yi lissafi, ta kuma ba da rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, matuƙar rangwamen bai wuce 500,000 ba. Rangwamen malamin 40,000 ke nan. Idan aka cire 144,000 da 40,000 daga 1,800,000, saura 1,616,000. Tukunyar farko ta ɗauki 800,000 kyauta. Saura 816,000 a tukunya ta biyu, kashi 15 cikin 100 nata kuwa shi ne 122,400. Idan aka raba wannan gida goma sha biyu, za a riƙa cire masa 10,200 a kowane wata kafin albashi ya zo hannunsa. Mai karatu zai ga cewa ko da yake malamin yana matakin kashi 15, abin da ya biya bai kai kashi 7 cikin 100 na albashinsa ba.

Haka kuma wanda kuɗinsa na lissafi ya cika 3,000,000 zai biya 330,000. Idan aka yi masa ƙarin 100,000, wannan ƙarin kaɗai za a yanka da kashi 18, wato 18,000, ya tafi gida da 82,000. Babu inda ƙarin albashi yake rage wa mutum abin da yake karɓa ta wannan hanya.

Tuntuɓe na Uku: Haraji, Zakka da Kuɗin Kasuwa

Na uku ya fi fitowa a zaure fiye da aji. Dattijo zai ce ya fitar da zakka, ya biya kuɗin rumfa, to wane haraji kuma? Ɗalibi yana bukatar ya iya rarrabewa cikin ladabi.

Zakka ibada ce, kuma Alƙur'ani ya ƙayyade jinsin mutane takwas da ake ba wa. A hatsi, idan ya kai nisabi na wusiƙi biyar, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, ko ɗaya cikin ashirin idan da wahala aka yi ban-ruwa. A kan amfanin da aka girbe ake auna ta. Harajin kuɗin shiga kuwa dokar ƙasa ce, a kan riba ake auna shi, gwamnati ce ke kashe shi, kuma majalisa tana iya sauya kasonsa. Kuɗin rumfa da na mayanka na ƙaramar hukuma ne. Akwai kuma harajin sayen kaya, wanda ya fara aiki a 1994 da kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. Shi wannan a cikin farashi yake ɓoye, don haka mutum yakan biya bai sani ba.

Amfanin sanin wannan bambanci a fili yake. Wanda ya san sunan abin da ake karɓa a hannunsa, da hukumar da ke da ikon karɓa, zai nemi rasit, kuma da wuya ɗan damfara ya tsorata shi da takardar bogi.

Abin da Aka Ɗiba Ya Koma

Akwai tambayar da ɗalibai suke cewa ta fi lissafi wuya: me ya sa za a biya? A aji ana koya musu ƙa'idoji huɗu da Adam Smith ya shimfiɗa a 1776: haraji ya dace da ƙarfin mai biya, ya zama sananne ba na ganin dama ba, a karɓa a lokacin da ya fi sauƙi, kada kuma kuɗin tattara shi ya cinye shi.

Manomin ƙasar Kano yana da tasa amsar. Gonakin wannan yanki ana noma su kowace damina ba hutu, ga yawan jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin a shekarun 1960, ya nuna cewa sirrin yana ga mayar wa ƙasa abin da aka ɗiba: kashin awaki da tumaki, tokar murhu, da sharar birni da ake ɗaukowa a mangala bisa jakuna. Duk damin da aka ɗauke daga gona ya tafi da wani abu na ƙarfinta. Idan ba a mayar ba, baɗi sai ta nuna.

Haraji ma haka yake. Abin da aka ɗiba daga jama'a ya kamata ya dawo musu a matsayin hanya, da asibiti mai magani, da aji mai kujeru. Wanda ya biya yana da ikon ya tambayi inda kuɗin ya shiga, kasafin kuɗin jiha kuwa takarda ce da kowa yake da damar dubawa.

Kammalawa

Shawarata ga ɗaliban sakandare masu niyyar karanta wannan fanni ita ce su ƙware a lissafin kaso cikin ɗari tun yanzu, domin shi ne ƙashin bayan darasin. Su kuma saba da karanta doka a tsanake, tun da kaso da rangwame suna sauyawa: wanda ya haddace matakan 2011, masu farawa daga kashi 7 su tsaya a 24, dole ya sake koyo a yau. Ga malamai kuwa, ina ba da shawarar a gwada wannan aiki a aji: kowane ɗalibi ya ƙaddara wata gona, ya rubuta abin da aka kashe da abin da aka sayar a damina ɗaya, ya fitar da riba, ya bi ta cikin tukwane. Yaron da ya iya wannan zai iya riƙe wa mahaifinsa littafi, ya kuma zauna kusa da shi ranar da ma'aikacin haraji ya yi sallama.