Saba'in a Daura, Saba'in a Bronx

Duk ƙarshen zangon karatu, idan yaran unguwar Kusugu suka dawo gida riƙe da takardar sakamako, tambaya ɗaya ce ke jiran su a zaure: "Na nawa ka zo?" Maigida ba ya bin darussa ɗaya bayan ɗaya. Idonsa na kan gurbin nan da malamin aji ya rubuta na uku cikin sittin ko na arba'in cikin sittin, sai kuma ya duba ko akwai jan biro. Tambayar ta daɗe tana yi wa Daura aiki, domin inda aji ɗaya ne, malamai ɗaya, jarrabawa ɗaya, matsayin yaro yana faɗa wa uba abin da zai iya aiki da shi. To amma 'yan Daura da sauran Hausawa da neman abinci ko karatu ya kai su Amurka sun tafi da tambayar, kuma a can ba ta da mai amsawa. Galibin makarantun tsakiya na Amurka, wato daga aji shida zuwa takwas, ba su jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Haruffa suke bayarwa, sai wata lamba tsakanin 0 da 4 da suke kira GPA, matsakaicin makin yaro ke nan. Mahaifin da bai iya fitar da wannan lamba da hannunsa ba yana iya yi wa yaro mai ƙoƙari faɗa, ya sa wa wanda ke nutsewa albarka, kuma ba zai farga ba sai an gama rabon gurabe.

Lissafin kansa ba wani dogo ba ne. Kowane harafi da nauyinsa: A maki 4, B maki 3, C maki 2, D maki 1, F kuwa babu komai. A ce yarinya ta sami B a lissafi, A a Turanci, C a kimiyya, B a nazarin zamantakewa, A a motsa jiki. Idan aka haɗa an sami 16, a raba gida biyar, ya ba da 3.2. Wasu makarantun ba su ba darussa nauyi ɗaya. Idan motsa jiki rabin darasi ake ƙirga shi, jimillar ta koma 14, a raba da huɗu da rabi, sai lambar ta sauka zuwa 3.1. Wasu kuma suna sa alamar ƙari ko ragi a jikin harafin, B mai ƙari ya zama 3.3, A mai ragi 3.7. Iyakar abin ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake samun harafin tun farko.

A ma'aunin da aka fi bi a Amurka, sai yaro ya kai 90 cikin 100 yake samun A. Daga 80 zuwa 89 B ne, daga 70 zuwa 79 C, ƙasa da 60 faɗuwa, a makarantun birnin New York ma 65 ne makin tsira. Uban da ya zauna jarrabawar WAEC kuwa ya san 75 ne A1, 50 ya isa C6, jami'o'inmu kuma 70 suke ɗauka a matsayin A. Saboda haka idan ɗansa a Bronx ta birnin New York ya nuna masa 72 a lissafi, zuciyarsa za ta ce masa yaro ya yi abin kai, alhali a wurin makarantar C ne mai maki 2. Wanda ya yi jami'a a Zariya ko Kano, inda ma'aunin yake ƙarewa a 5 kuma digiri mai daraja ta ɗaya ke farawa daga 4.50, zai iya yin kuskuren ta ɗaya ɓangaren: ya ga 3.8 ya ɓata fuska, bai san 'yarsa na dab da ƙololuwa ba. Ba sai an haye teku ake ganin wannan ba. Daga Daura a bi ta Mai'aduwa zuwa Kwangwalam a shiga Nijar, makarantun Damagaram bisa 20 suke ba da maki, 10 ne tsira, 14 kuwa abin yabo ne da ba kowa ke kai wa ba. Iyalin da ya tashi daga can zuwa Greensboro ta Amurka, inda 'yan Nijar suke da yawa, idan aka mayar da 14 ɗin nan kashi cikin ɗari kai tsaye ya zama 70, wato C. A Ingila, tun 2017 jarrabawar GCSE ta koma lambobi, 9 ce mafi daraja, lambar da duk ɗan Najeriya ya sani da F9. A Gana, yaran zangon Kumasi da Nima suna fatan ƙaramar jimilla ne a jarrabawar ƙaramar sakandare, don 1 ce mafi kyau. Haka ma a Jamus. Babu ɗan canjin da zai karɓi jaka guda ta sefa a matsayin naira dubu don kawai lambar da ke jikin takardun ɗaya ce, amma haka muke yi da makin 'ya'yanmu.

Akwai bambanci na biyu da ya fi na farko cizo. Mun taso ne a tsarin da jarrabawar ƙarshe ke yanke hukunci. Ko bayan da tsarin 6-3-3-4 ya shigo a 1982 da batun auna ɗalibi a kai a kai, gwaje-gwaje da aikin gida kashi 30 ko 40 suke ɗauka, ragowar na jarrabawa ne, shi ya sa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yake iya shiririta wata biyu ya kwana uku yana karatu ya fita kunya. A ajin Amurka makin taruwa yake yi kullum: aikin gida, ƙaramin gwaji, aikin rukuni, kowanne na shiga kwamfuta. Yaron da ya sami 90 sau uku a ayyuka masu nauyi ɗaya, ya ƙi kai na huɗu aka rubuta masa sifili, matsakaicinsa ya faɗo 67.5, daga A zuwa D a kan takarda guda. Nan ne al'adarmu ta tafiya gida take shigowa. Bikin ƙanwa, rasuwar kaka, Umarar azumi, ko ganin hawan Sallah a Daura duk dalilai ne masu ƙarfi, kuma tikitin jirgi ya fi sauƙi idan ba lokacin hutu ba. Sai dai mako uku a tsakiyar zango yana iya zama sifili shida ko bakwai idan ba a je an yi magana da malamai tun kafin tafiya an karɓi ayyukan ba.

Za a ce ai wannan duk ɗaga hankali ne a banza, tunda jami'o'in Amurka sakamakon babbar sakandare suke dubawa, daga aji tara zuwa sama. Gaskiya ne, amma rabinta. Tun 2022, makarantun sakandare na birnin New York masu tace ɗalibai suna kasa masu nema rukuni-rukuni ne bisa matsakaicin makinsu na aji bakwai a darussa huɗu: Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa. Aji bakwai shi ne daidai aji ɗaya na ƙaramar sakandare a gida, shekarar da muke cewa yaro bai gama wayo ba, a bar shi ya saba da makaranta. Ban da haka, makin aji shida da bakwai na cikin abin da ake dubawa kafin a sa yaro ajin aljebra a aji takwas, wanda a gundumomi da yawa ake rubuta shi cikin sakamakon babbar sakandare, kuma shi ne ke buɗe hanyar manyan darussan lissafi daga baya. Wani bincike da masana na Jami'ar Chicago suka fitar a 2014 kan makarantun gwamnati na birnin Chicago ya nuna cewa makin aji da zuwa makaranta a waɗannan shekaru sun fi sakamakon jarrabawar gama-gari nuna yadda yaro zai kasance a gaba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa lambar ba ilimi take aunawa ba, biyayya da kai aiki kan lokaci take aunawa, kuma malamai sun yi sakaci da ita. Akwai hujja a nan. Hukumar jarrabawar ACT ta ba da rahoton cewa matsakaicin makin ɗaliban sakandare da suka zauna jarrabawarta ya hau daga 3.17 a 2010 zuwa 3.36 a 2021, alhali sakamakonsu a jarrabawar bai hau ba. Ni a ganina wannan dalili ne na ƙara buɗe ido, domin wanda ya san yadda aka haɗa lambar shi ne zai iya warware ta. Shi zai lura cewa 3.2 ɗin yarinyar can A ta motsa jiki ce ta ɗaga ta, kimiyya kuma tana ƙasa. Shi zai tambaya ko A ɗin lissafin a ajin masu sauri aka samo ta ko a na masu bi a hankali, tunda B a na farko ya fi A a na biyu amfani. Uban da ya kafe sai 4.0, ya ɗora wa yaro bulala a kanta, yaron zai koyi zaɓen darasi mai sauƙi ne kawai.

Sai kuma yaran da ake turowa gida shekara ɗaya ko biyu, su yi karatun Alƙur'ani, su ji Hausa, su san dangi. Niyya ce mai kyau, amma takarda na biye da ita. Shugaban makaranta a Daura ko Katsina da aka miƙa wa 3.4 ba lallai ya san inda zai ajiye ta ba, jami'in da zai karɓi yaron idan ya koma kuma zai ga 68 da 71 ya fassara su da ma'auninsa. Maganin ba shi da tsada: kafin a bar makaranta a nemi ta rubuta ma'auninta a jikin sakamakon, daga maki kaza zuwa kaza harafi kaza, da sa hannu da hatimi. Masu cewa iyaye da yawa ba su da Turancin shiga wannan sabga, direbobin tasi ne da masu kitso da ke fita tun asuba, su sani dokar Amurka ta wajabta wa makarantun gwamnati su yi wa irin waɗannan iyaye bayani da harshen da suke ji, kyauta. Masallatai da ƙungiyoyinmu na can, da suka iya haɗa kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, ba za su rasa ɗalibin jami'a ɗaya da zai zauna da iyaye bayan Islamiyyar Asabar ya buɗe musu shafin makaranta a waya ba. Lokacin yin hakan farkon aji shida ne. A New York ana cike takardun neman babbar sakandare ne a watannin farko na aji takwas, lokacin da makin aji bakwai ya riga ya shiga kundi.