Izgili a Intanet: Yadda Kiristocin Nijeriya Ke Mayar da Martani

Shekaru uku a jere, daga 2022 zuwa 2024, bikin Ista bai wuce ba a Nijeriya sai da wani saƙo da aka watsa ta intanet ya ɓata wa Kiristoci rai. A duk karon ƙura ta tashi, kana ta lafa ba tare da an zubar da jini ba, abin da ba kullum ake samu ba a ƙasar idan magana ta taɓa addini.

A watan Afrilun 2022 bankin Sterling ya aika da saƙon barka da Ista wanda ya kwatanta tashin Yesu Almasihu daga matattu da kumburin burodin Agege, watau wani burodi da ya yi suna a birnin Ikko. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ta kira wannan cin mutunci, har ta nemi a tuɓe shugaban bankin. Bankin ya janye saƙon, ya rubuta takardar neman gafara, ƙungiyar kuma ta ce ta yafe.

A ranar Jumma'ar da ta gabaci Ista ta 2023, masu madarar Peak suka buga hoton gwangwani lanƙwasasshe da aka huda, suna nuni da gicciye Yesu. CAN ta yi barazanar kiran mabiyanta su ƙaurace wa madarar, sai kamfanin ya ba da haƙuri. A 2024 kuma hukumar tara harajin tarayya ta wancan lokaci, FIRS, ta wallafa cewa Yesu ya biya wa mutane bashinsu amma bai biya musu haraji ba. Ita ma cikin 'yan kwanaki ta nemi afuwa.

Hanyar da ƙungiyar ta bi iri ɗaya ce: ta fito fili ta bayyana ɓacin ranta a rubuce, ta nemi a janye maganar, in an nemi gafara kuma a rufe zancen. Sai dai ba dukan Kiristoci ne suka gamsu da haka ba. Wasu sun ga cewa barazana ta yi yawa a kan abin da bai wuce raha ba, suna tunatar da koyarwar Yesu ta juya ɗaya kuncin ga wanda ya mare ka. Wasu kuwa na ganin yin shiru shi ke ƙara wa masu izgili ƙwarin gwiwa. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai masu kafa hujja da wasiƙar Manzo Bitrus ta fari, wadda ta umurci mai bi ya kāre bangaskiyarsa, amma cikin tawali'u da girmama mai tambaya.

Dalilin da ya sa muhawarar ke da nauyi a Nijeriya ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa da wata guda bayan batun burodin, ranar 12 ga Mayun 2022, aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin yin ɓatanci ga Annabi Muhammadu a wani saƙon murya na WhatsApp. Fadar Sarkin Musulmi, Alhaji Sa'ad Abubakar, ta yi tir da kisan, shi kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ya roƙi Kiristoci su kwantar da hankali, su bar hukuma ta yi aikinta.

Wannan roƙo yana da tushe. A Fabrairun 2006, bayan an ƙona majami'u an kuma kashe Kiristoci a Maiduguri kan zanen ɓatancin da aka buga a ƙasar Denmark, matasa a Anacha sun far wa Musulmi 'yan arewa da sunan ramuwa, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Waɗanda aka kashe a garuruwan biyu ba su da hannu a zanen.

Ita ma fadar Paparoma ta Batikan ta tsoma baki a batun. Cikin wata takarda da ta fitar a Mayun 2023, ta gargaɗi mabiya ɗariƙar Katolika, har da limamai da bishop-bishop, su guji mayar da martani cikin fushi a kafofin sada zumunta, tana mai cewa wanda ake jayayya da shi ta waya maƙwabci ne, kamar wanda ake gani ido da ido.

Hausawa dai na cewa magana zarar bunu ce. A Sakkwato saƙon murya guda ya isa a rasa rai. A bukukuwan Ista uku kuwa, takardar neman gafara ce ta kashe wutar.